Daga farin akwatin ma'auni zuwa teburin darakta

Na fara aikin nazarin yanayi a nan Zariya a matsayin ƙaramin mai auna yanayi, bayan na samu horo a makarantar da ke Oshodi a Legas, tun aikin yana hannun wani sashe a ƙarƙashin ma'aikatar gwamnatin tarayya, kafin dokar 2003 ta kafa NiMet, wato hukumar kula da yanayi ta Najeriya. Aikina shi ne in fita duk bayan sa'o'i uku, dare da rana, in buɗe farin akwatin nan mai tagogi, in karanta ma'aunan zafi guda biyu, busasshe da wanda aka naɗe wa jiƙaƙƙen ƙyalle, in duba gajimare da nisan da ido ke iya hangowa, sannan in rubuta. Agogon Greenwich muke bi, saboda haka awon ƙarfe uku na dare yakan faɗo mana ƙarfe huɗu na asuba.

Wata asuba cikin hunturu, lokacin da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta rufe gari, sanyi ya hana ni fita, sai na kwafe alkaluman ƙarfe ɗaya na mayar da su na ƙarfe huɗu. Da gari ya waye shugabanmu ya ciro takardar na'urar da ke zana zafi da kanta, ya ajiye kusa da littafina, ya nuna mini inda layin ya gangara alhali rubutuna yana tsaye cik. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne." Ya ce, "Malam, wannan alƙalamin ba ya barci." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Nauyin abin bai bayyana mini sosai ba sai bayan shekaru, da na zama darakta a Abuja, ina cikin masu tsara hasashen damina da hukumar ke fitarwa a farkon kowace shekara. Hotunan tauraron ɗan'adam da manyan kwamfutoci sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma duk lissafin ranar saukar damina yana kan bayanan shekaru da dama da ƙananan ma'aikata suka rubuta, kuma alkaluman nan ne ake musayarsu da sauran ƙasashe ta hannun Hukumar Yanayi ta Duniya da ke Geneva. Shi ya sa, a ganina, kuɗin gyaran tashoshi da alawus ɗin masu kwanan aiki ya fi sabuwar motar ofis muhimmanci, ko da yake ba kullum nake cin nasara a wannan muhawara ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne isar da magana ga manomi. Yankin Samaru da ke Zariya yana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma damina takan kankama ne cikin watan Mayu, amma ruwan farko yakan yaudari mutane su yi shuka, sannan ya ɗauke na mako biyu, iri ya ƙone a ƙasa. Ƙanena da ke noma masara a Giwa ba ruwansa da kaso cikin ɗari, tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, a shuka ko a dakata?" Tun ina kewaye-kewaye har na koyi ce masa ya jira ruwa na biyu mai ƙarfi, ya tona ƙasa ya ga laima ta kai tsawon tafin hannu. Har yanzu da na yi ritaya, da hadari ya haɗu a gabas sai wayarsa ta shigo.