Ƙwallon Díaz da Ƙuri'un Kano

Gidan kallon ƙwallon da nake zuwa a unguwarmu, nan cikin birnin Kano, ba wani gini ba ne na a zo a gani. Rumfa ce da aka kewaye da langa-langa, aka jera bencina, aka kafa talabijin uku a gaba, ga janareta a bayan katanga yana ruri tun daga la'asar har tsakar dare. A bakin ƙofa akwai baƙin allo wanda mai gidan kallon yake rubuta wasannin ranar da alli, kuma a can ƙasan allon ya daɗe da rubuta cewa ba a siyasa a nan. Ban taɓa ganin dokar da ake takawa kullum kamar wannan ba, kuma sau da yawa shi da ya kafa ta ne yake fara taka ta.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce Asabar, 30 ga Satumba, 2023, lokacin da Tottenham ta karɓi baƙuncin Liverpool a gasar Firimiya. Kwana goma kafin nan, wato ranar 20 ga watan, kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf na NNPP, bayan ta zabtare ƙuri'u 165,663 daga cikin 1,019,602 da hukumar zaɓe ta ce ya samu, bisa hujjar cewa takardun ƙuri'ar ba su ɗauke da hatimi da sa hannu, abin da ya mayar da shi bayan Nasiru Yusuf Gawuna na APC mai ƙuri'u 890,705. Ta intanet alƙalan suka karanta hukuncin, daga baya kuma aka sanya dokar hana fita. A kwanakin da suka biyo baya, mutanen da suka saba cin tuwo a kwano ɗaya sun koma gaisawa a taƙaice, domin kowa ya san cewa kalma ɗaya za ta iya raba zumuncin shekara ashirin.

A haka muka shiga kallon wasan. A bencin da ke gabana akwai telan unguwarmu, wanda ba ya rabuwa da jar hula kuma ba ya rabuwa da Liverpool, a gefensa kuma wani direban adaidaita sahu, ɗan Manchester United na gani-kashe-ni, wanda ya manna hoton Gawuna a bayan babur ɗinsa tun lokacin kamfe. Tun da aka yanke hukunci ban ga sun yi wata doguwar magana ba. Ana cikin rabin farko Luis Díaz ya zura ƙwallo a ragar Tottenham, mataimakin alƙalin wasa ya ɗaga tuta ya ce satar gida ce, masu duba na'urar VAR, wadda ake sake kallon hoton wasa da ita don taimaka wa alƙali, suka yi ɗan shiru, sai kawai muka ga an ci gaba da wasa. Duk wanda ya ga maimaicin ya san ƙwallo ce lafiyayya. Tela ya miƙe tsaye yana nuna talabijin, bakinsa yana rawa, ya rasa ma abin da zai faɗa. Sai direban ya jawo gefen rigarsa cikin natsuwa ya ce, "Zauna, maigida. Ƙwallon nan ba ta da hatimi."

Rumfar ta yi tsit na ɗan lokaci, kowa yana jiran ya ga yadda tela zai ɗauki maganar. Shi kuwa ya juyo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ai na sani. Daga Abuja ake duba na'urar." Nan take wuri ya kaure da dariya, har da waɗanda suka kwana goma ba su yi ta ba. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a yi haƙuri a ɗaukaka ƙara, wani ya ce lauyoyin Liverpool ne ba su iya aiki ba. Hutun rabin lokaci ya zo daidai da magariba, kuma na lura tela da direban a sahu ɗaya suka tsaya, kafaɗa da kafaɗa. Da muka dawo abin ya ƙara lalace wa Liverpool, domin ta ƙare wasan da mutum tara, kuma a minti na ƙarshe Joël Matip ya ci gidansu aka tashi 2 da 1. Direban ya ce wannan kuma ba laifin kotu ba ne, ɗan jam'iyya ne ya yi zagon ƙasa. Ba mu watse ba sai da wani ya karanto mana a waya cewa hukumar alƙalan wasan Ingila ta amsa cewa an yi babban kuskure, ƙwallon Díaz halaltacciya ce. Tela ya gyara hularsa ya ce, "To, a can dai alƙali yakan ce na yi kuskure." Wannan karon ba kowa ne ya yi dariya ba.

Na daɗe ina juya abin da ya faru a wannan maraicen. Duk abin da mutanen nan biyu suke son faɗa wa juna game da hukuncin kotu sun faɗe shi, ba tare da ɗayansu ya ambaci sunan Abba ko na Gawuna ba. Da a teburin mai shayi aka yi maganar da sunayenta na gaskiya, da wuya a rabu ba a cire riga ba. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, kuma shari'ar da ake yi tsakanin manyan lauyoyi a Abuja ta fi ƙarfin tela, ta fi ƙarfin direban adaidaita sahu. Wannan dabara kuwa ba Turawa ne suka kawo mana ita tare da ƙwallo ba. Mun gaji wasan taubasantaka, mun san yadda Bakano yake tsokanar Bazazzagi, Bafulatani yake tsokanar Babarbare, Bagobiri yake tsokanar Bayarabe, a faɗa wa mutum magana mai nauyi ya haɗiye ya rama da wadda ta fi ta, ba wanda zai kai ƙara. A ganina ƙungiyoyin Ingila da na Sifaniya sabbin taubasai suka samar mana, da sharuɗɗan da kowa ya sani ko da ba a rubuta su a allo ba: ba a taɓa iyaye, ba a taɓa addini, kuma wanda aka ci ƙungiyarsa dole ya zauna ya sha zolaya har a tashi.

Abin da ya ƙara wa tsarin ƙarfi shi ne layin ƙwallo bai bi layin jam'iyya ba. A bencinmu na 'yan Arsenal akwai ɗan Kwankwasiyya, akwai ɗan Gandujiyya, akwai wani dattijo da har yau bai yarda an yi ɗan siyasa bayan Malam Aminu Kano ba. Mutumin da kuka yi musu da shi ranar Juma'a a kan rusau ko a kan masarauta, shi ne zai rungume ka ranar Asabar idan Saka ya ci ƙwallo, kuma yana da wuya ka ci gaba da ɗaukar mutum a matsayin maƙiyi bayan ya zubar maka da lemo a riga saboda murna.

Kamar da gangan, kalandar ta ci gaba da ba mu abin magana. Ranar Juma'a, 17 ga Nuwamba, 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire Abba, a wannan karon har da hujjar cewa ba ɗan jam'iyyar NNPP ba ne lokacin da aka tsayar da shi. A ranar ce kuma aka zabtare wa Everton maki 10 saboda karya dokokin kashe kuɗi, alhali Manchester City, wadda aka tuhuma da laifuka 115 tun watan Fabrairun shekarar, tana ci gaba da wasanta ba abin da ya same ta. Ba sai na faɗa muku abin da aka yi da wannan ba. An ce Everton ba ta da uban gida a sama, an ce City ce jam'iyya mai mulki. Da kwafin hukuncin kotun ya fito bayan 'yan kwanaki ɗauke da wani sakin layi mai nuna kamar Abba ne ya yi nasara, kotun kuma ta ce kuskuren rubutu ne, sai tela ya ce lallai waɗanda suka duba ƙwallon Díaz ne aka ɗauka aikin buga takardu.

Sai dai akwai ɓangaren wannan raha da yake damuna, kuma ni ma ban fita daga ciki ba. Na fara goyon bayan Arsenal ne tun ranar da Nwankwo Kanu ya ci Chelsea ƙwallo uku shi kaɗai a Stamford Bridge a 1999, na ga kakar 2004 da aka ɗauki kofi ba a ci mu ko sau ɗaya ba, na kuma ga dogayen shekarun da suka biyo baya, waɗanda ba na son tunawa. Ban taɓa tunanin sauya ƙungiya ba, kuma wannan taurin kai bai taɓa rage mini ko mudu ɗaya na shinkafa a gida ba. Matsalar ita ce mun ɗauko irin wannan soyayya mun kai ta inda take da tsada. Muna bin 'yan siyasa yadda muke bin ƙungiya, namu namu ne ko ya yi daidai ko bai yi ba, alƙali kuma adali ne ranar da ya ba mu, azzalumi ne ranar da ya hana mu. Mutanen da suka yi wa kotu addu'a a Satumba su ne suka koma zarginta a Janairu da Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, waɗanda suka zarge ta kuma suka koma yabonta, ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Abin mamakin ma shi ne mun fi tsananta wa koci fiye da yadda muke tsananta wa mai mulki. A rumfar nan, idan koci ya faɗi wasa uku a jere, za ka ji ana a kore shi, ana kawo lissafin kuɗin da ya kashe da 'yan wasan da ya saya. Yaron da zai gaya maka cewa Arsenal ta sayi Declan Rice a kan fam miliyan 105, har da yadda aka tsara biyan kuɗin, idan ka tambaye shi nawa aka ware wa makarantar firamaren da ƙannensa suke zama a ƙasa, sai ya dube ka kamar ka yi masa wani yare. Mu 'yan Arsenal har yau ba mu yafe wa Robin van Persie komawarsa Manchester United a 2012 ba, amma sauya sheƙar 'yan siyasa ba ta ko sa mu ɗaga gira. Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP ya shiga APC, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Ibrahim Shekarau ya taso daga ANPP ya ratsa APC da PDP, ya sake komawa APC, ya leƙa NNPP, ya fito ya koma PDP a 2022. Abdullahi Umar Ganduje kuwa sau biyu yana mataimakin Kwankwaso kafin su raba gari. Dattijon bencinmu yakan ce su ne 'yan wasa, su ake saye su ake sayarwa, mu kuwa 'yan kallo ne, kuma ɗan kallo shi ne kaɗai yake biyan kuɗi a ƙofa.

Ko Kano Pillars ba ta tsira ba, da yake ƙungiyar gwamnatin jiha ce. 'Yan jar hula sukan tuna wa kowa cewa a mulkin Kwankwaso na biyu ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, kuma a mulkin Ganduje ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Mutanen Ganduje su ce a lokacinsu ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019, mutanen Shekarau su ce ai kofin farko na 2008 nasu ne. Da yawa daga cikin masu wannan musu sun manta rabonsu da shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Sau ɗaya tak na ga siyasa ta shigo rumfar nan ba a mai da ita wasa ba. Bayan da Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu, 2023, mai gidan kallon ya ninka kuɗin shiga, ya tsaya a ƙofa yana bayanin lita nawa janareta yake sha kafin a gama wasa biyu. Ba wanda ya kawo misalin Chelsea ko na Barcelona. Wasu yara da suka saba shiga sun koma leƙe ta ramukan langa-langa, shi kuma ya riƙa yin kamar bai gan su ba.

Ranar Juma'a, 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kotunan biyu, ta mayar wa Abba ƙuri'unsa da kujerarsa. Ranar Lahadin da ta biyo baya rumfar ta cika tun da rana, domin Najeriya tana buga wasanta na farko a gasar cin kofin Afirka da ake yi a Kwaddibuwa, inda Osimhen ya farke mana aka tashi 1 da 1 da Equatorial Guinea, da yamma kuma Manchester United tana da wasa da Tottenham. Tela ya iso cikin sabuwar jar hula da farar shadda mai sheƙi, ya tarar da direban a ƙofa yana laluben aljihu. Ya riƙe masa hannu, ya miƙa wa mai gidan kallon kuɗin mutum biyu, ya ce yau gwamnati ce take biya wa 'yan adawa. Direban ya yi godiya, ya shige gaba ya kama musu wuri a bencin da suka saba zama. Sai da tela ya zauna ya gama gyara babbar rigarsa, sannan direban ya karkato kusa da kunnensa ya ce, "Maigida, ƙwallon Díaz fa? Ita ma Kotun Ƙoli ta dawo muku da ita?"