Mai koko ta shiga waya

Tun asuba nake barin unguwar Aboabo a Kumasi, in hau motar haya ta trotro zuwa jami'ar KNUST da kwamfuta a jaka. Wata 4 ke nan ina gina wasan waya a Godot, manhajar ƙirƙirar wasanni: yarinya mai tallan koko da ƙosai tana ratsa lungunan Zango kafin kokon ya huce. Muryar ƙanwata na naɗa tana "A sayi koko!"

Tallata shi ya fi gina shi wuya. Na ɗora a itch.io, shafin intanet da ake saka wasanni, shiru kake ji. Ranar Juma'a bayan masallaci na miƙa wa samarin majalisarmu wayata. Kawu ya leƙo ya ce, "Ɗana, ai lungunmu ne wannan!"

Daren nan na kwana gyara inda yarinyar ke maƙalewa a bakin kwata.