Minti 43 da gardamar da ta ƙi ƙarewa

Karo na farko da na saurari faifan The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, ƙungiyar kiɗan rock ta Ingila, a waya ne, ina tafe, kunne ɗaya a toshe ɗayan a buɗe, kuma wayar ce ke sako waƙar da ta ga dama. Ta fara da "Money", ta yi tsalle zuwa "Eclipse", ta dawo kan "On the Run", wadda har na ciro wayar na duba don na zaci wani abu ne ya lalace. Ban kai ƙarshe ba na kashe. Da muka haɗu da kawuna, wanda tun ina yaro yake damuna da zancen wannan faifai, na ce masa, "Kawu, wannan ne abin da ake ta zuzutawa? Ashe sunan ne kawai." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ji ka yi, ba ka saurara ba. Wanda ya shiga ɗaki ta taga ba shi da bakin kushe ƙofa."

Na ji haushin maganar, amma da gaskiyarsa. Faifan ya fito a watan Maris na 1973, lokacin da ake ɗora allura a kan faifai a koma a zauna. Waƙoƙi goma ne, biyar a kowace fuska, kuma a kowace fuskar an ɗinke su da juna ta yadda ba ka sanin inda wata ta ƙare wata ta fara. Da bugun zuciya ake buɗewa, da shi ake rufewa. Tun a watan Janairun 1972 suka fara kaɗa shi gaban jama'a a Ingila, suna gyara suna ƙari, kafin su shiga sitidiyon Abbey Road a Landan su naɗe shi. Abin da aka sha wahalar ɗinkewa haka, ni kuma na ba wayata almakashi.

Tun daga nan na shiga tara ra'ayoyin mutane a kansa, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu sukarsa sun kasu gida biyu, kuma laifin da kowane gida ke ɗora masa kishiyar na ɗayan ne.

Ina da aboki, mayen kiɗan da ake kira prog ne na gaske, wato rock mai dogayen waƙoƙi da sarƙaƙƙen bugu, irin mutanen da ke ƙirga bugun ganga da yatsa a kan gwiwa. A wurinsa wannan faifai ba prog ba ne sam. Ya ce in ana neman abin da ya amsa sunan, a je ga In the Court of the Crimson King na 1969, ko Close to the Edge na ƙungiyar Yes da ya fito a 1972, inda waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai sukutum, kusan minti 19. Ya ce ko a cikin Pink Floyd ɗin ma, "Echoes" ta faifan Meddle na 1971 ta fi wannan nisa da ƙarfin hali. Dark Side, in ji shi, kiɗan blues ne mai jan ƙafa da aka yi wa ado da ƙarar agogo da ta sulalla don a burge waɗanda ba su san komai ba. Na ce masa to "Money" fa, wadda bugunta bakwai-bakwai ne maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba? Ya yi dariya ya ce in sake saurara: da zarar an zo inda David Gilmour, mai jitar ƙungiyar, zai saki jitarsa, sai su koma huɗu-huɗu. Na je na ƙirga. Haka ne kuwa. Dick Parry mai busa saksofon aka bari da wahalar bakwai ɗin.

Ƙanwata kuwa ta ɗaya gidan ce. Ita ba ta san prog ba, ba ta kuma nema. Na kunna mata, ba mu yi minti shida ba ta ce, "Yaya, wai yaushe za su fara ne?" A wurinta faifan ya cika yanga da nauyi, mutane huɗu da suka ɗauki kansu da girma suna koya wa duniya cewa za a mutu. Ba ita ta fara wannan ƙorafin ba. Shekaru kaɗan bayan fitowarsa, samarin da suka tayar da kiɗan punk a Landan irin abin da suke faɗa ke nan, har Johnny Rotten, ɗaya daga cikinsu, ya yi suna da wata rigar Pink Floyd da ya rubuta wa kalmar ƙiyayya a samanta. Wato abokina yana cewa abin ya yi sauƙi da yawa, ƙanwata tana cewa ya yi nauyi da yawa, faifan kuma ɗaya ne.

Amma akwai inda ta yi shiru. Da aka zo "The Great Gig in the Sky", fiyanon Richard Wright na ƙungiyar ya shigo a hankali, sannan muryar Clare Torry ta tashi ba kalma ko ɗaya, ihu ne da kuka da lallashi a haɗe, sai na ga ta ajiye wayarta a kan cinya. Da aka gama ta ce, "Wace ce wannan matar?" Na ba ta labarin: tana da shekara 25, aka kira ta sitidiyo wata ranar Lahadi, aka ce ta yi abin da ya zo mata, ta yi, aka biya ta fam 30, ta tafi gida tana zaton ba za a yi amfani da shi ba. Sai a kantin sayar da faifai ta ga sunanta a jiki. A 2004 ta shigar da ƙara tana neman a san da ita a matsayin wadda ta tsara waƙar tare da Wright, a 2005 aka sasanta, daga nan ake rubuta sunansu su biyu. Ƙanwata ta ce, "To ai ita ce faifan. Sauran duk rakiya suka yi mata." Har yau ba ta canja ba, waƙar nan ɗaya take saurara, ta tsallake tara.

Kawu ba ya shiga irin wannan muhawara, yana ganin raini ce. Hujjarsa lissafi ne: faifan da ya yi sama da mako 700 a jerin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka tsakanin 1973 da 1988, wanda ake ƙiyasta an sayar da sama da kwafi miliyan 45, wa ya isa ya ce masa bai yi ba? Ni wannan hujjar ba ta taɓa gamsar da ni ba. Yawan masu saye ba ya nuna kyau, kuma a Birtaniya, ƙasarsu ta haihuwa, na biyu ya tsaya, bai taɓa hawa na ɗaya ba. In na faɗa masa haka sai ya ce bakin yaro ba ya rasa magana.

Akwai kuma masu cewa in ka kunna shi tare da tsohon fim ɗin nan The Wizard of Oz, kiɗan yana bin hotunan daidai. 'Yan ƙungiyar sun sha musantawa, Alan Parsons da ya naɗi sautin ma ya musanta. Na gwada sau ɗaya, barci ya ɗauke ni.

Nawa ra'ayin ya zo ne a makare, ba kuma wata hujja ce ta kawo shi ba, shekaru ne. Ina da ashirin da 'yan kai lokacin da na fara jin "Time", abin da na riƙe kawai agogunan nan da ke tashi gaba ɗaya su firgita mutum, waɗanda Parsons ya naɗo a wani shagon tsofaffin agogo. Bayan na haura talatin da biyar, wani dare na kasa barci, na sa shi daga farko da fitila a kashe. Waƙar tana magana ne a kan mutumin da ke ɓarnar kwanakinsa yana jiran ranar da rayuwa za ta fara, sai ya waiga ya ga shekaru sun wuce. Roger Waters, ɗan ƙungiyar da ya rubuta dukkan baitocin faifan, yana da shekara 29 lokacin da ya fito. Na tashi zaune a kan gado. Ba wata kalma mai wuya a ciki, ba zurfin da sai an yi maka fashin baƙi, magana ce a fili wadda ɗan sakandare zai gane, kuma ita ce abokina ke kira rauni. Ni a nan na rabu da shi. Waɗancan faifan da yake ɗaukakawa suna nuna maka abin da makaɗi zai iya yi da yatsunsa, ina kuma jin daɗinsu. Wannan kuwa abin da ke cin mutum ya jera: lokaci, mutuwa, kuɗi, gaba, taɓin hankali. Na ƙarshen ba daga nesa suka hango shi ba, sun ga yadda ya cinye abokinsu Syd Barrett, wanda ya bar ƙungiyar a 1968.

Ba wai na zama Kawu ba. "Any Colour You Like" har gobe ina ganin cikon wuri ce, ko da yake mai daɗi. "On the Run" abin mamaki ce a 1973, da na'urar haɗa sauti ta Synthi tana ta gudu a kunne daga hagu zuwa dama, amma yau ta fi kama da nunin kayan aiki. Inda na fi daɗewa ina zama shi ne "Us and Them", wadda mutane ba su cika ambata ba, da kuma muryoyin nan da ke ratsawa can ƙasa-ƙasa. Mutanen da ke kai-kawo a sitidiyo ne aka zaunar, aka miƙa musu katuna masu tambayoyi a kan hauka da faɗa da mutuwa. An yi hira da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ma, ba a sa nasa ba. Mai gadin ƙofa, Gerry O'Driscoll, shi ya samu maganar ƙarshe a faifan, kuma sai ka ƙure murya kafin ka ji shi.

A watan Oktoban 2023 Waters, yana ɗan shekara 80, ya sake naɗar faifan shi kaɗai, murya ta dushe, magana ta fi waƙa yawa, babu kukan jitar Gilmour. Na kai wa Kawu. Ya saurara har zuwa tsakiyar "Time", yana jiran jitar, ba ta zo ba, ya miƙa hannu ya kashe. Ya ce, "An gina gida an manta da rufi." Ni ban ƙi shi haka ba, akwai wani abu a jin tsoho yana maimaita abin da ya rubuta yana saurayi, amma sau biyu kawai na koma masa.

Abu ɗaya ya rage da na daɗe ina riƙe da shi a matsayin laifin faifan. Kullum ina jin "Money" ta faɗo ne ba sallama: Clare Torry ta gama narkar da kai, numfashinka bai dawo ba, sai ƙarar sulalla da akwatin kuɗi su doke ka a kunne. Na ɗauka kuskuren jeri ne. Sai ranar da Kawu ya yarda ya fito da nasa na asali, mai baƙin bango da hoton gilashin nan mai kusurwa uku da haske ke ratsawa ya fito kala shida. Muryar ta mutu, allura ta kai ƙarshe tana ƙas-ƙas, ɗakin ya yi tsit. Ya zauna bai motsa ba. Can ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ɗaga allurar, ya juya faifan, ya hure ƙura, ya goge da gefen hannun riga. Na duba agogo, kusan minti biyu. Sannan sulallan suka zubo, kuma a karon farko ban ji sun dame ni ba.

Yanzu in ina saurara a waya, da waƙa ta biyar ta ƙare sai in danna tsayawa, in tashi in zagaya ɗakin, in dawo. Na gaya wa abokina wannan dabarar. Ya ce ko awa ɗaya zan tsaya, huɗu-huɗun nan dai tana nan tana jira na a tsakiyar waƙar.