Bindigar da ta zauna a hannuna

Kafin in samu lasisi, na ɗauka bindigar da ta fi ƙarfi ita ce ta fi dacewa da kare kai, sai da na fara zuwa filin atisaye sannan na gane kuskurena. Ƙaramar bindiga mai harsashi milimita 9, irin Glock 19 da aka fitar a 1988, ta fi zama daram a hannuna, kuma ba ta fizga sosai idan na harba. Gyaran da na yi mata kaɗan ne, domin saiti da mariƙi kawai na sauya. Kunamar kuwa ban taɓa ta ba, saboda idan ta yi laushi da yawa tana iya tashi ba da niyya ba.