Kada Ka Bar Aji Ba Sallama

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sakko daga masallaci a nan Bronx da ke birnin New York, na tsaya muna gaisawa da ɗan wani aminina, yaron da aka kawo Amurka yana ɗan shekara 15. Na tambaye shi karatu. Ya ce, "Kawu, wannan zangon dai na ajiye. Na samu aikin kai saƙo, akwai kuɗi. In Janairu ta zo sai in koma." Na ce masa ka je ofishin rajistara ka cike takardar janyewa? Idonsa na kan waya ya ba ni amsa: "Ai ba sai na je ba. In ba su gan ni ba sun san na bari."

Gabana ya faɗi, don maganar da na taɓa faɗa wa kaina ke nan, ba ragi ba ƙari.

Na shigo ƙasar nan a 2009 da bizar lotare. Shekara na zagayowa na shiga irin kwalejin nan ta shekara biyu da ake kira kwamuniti kwalej, wadda talaka da baƙo ke fara shiga saboda arha, kuma kusan duk mai shaidar gama sakandare za ta karɓe shi. Suka yi mini jarrabawar tantance matsayi, suka sa ni ajin gyaran Turanci da na lissafi. Na yi zango guda cur ina zuwa, ina murna na fara tara kiredit, wato awon da ake lissafa wa kowane kwas da ka ci. Sai daga baya na gane darussan gyara ba sa shiga lissafin kiredit 60 ɗin da ake nema kafin a ba mutum digirin asoshiyet, wato shaidar gama karatun shekara biyun. An rubuta wannan a kundin dokokin kwalejin, wanda suke ce wa katalog. An miƙo mini shi ranar rajista, mai kauri kamar littafin lissafin 'yan kasuwa. Na jefa shi bayan mota, rana ta kode bangonsa ban buɗe ba.

Zango na biyu na yi ƙoƙari. Kwas huɗu, kiredit 12, na fita da B a dukkansu, makina na GPA, wato matsakaicin makin duk darussa, ya tsaya 3.0. A zango na uku ne aka bugo waya daga gida cewa Hajiya ta kwanta, za a yi mata aiki. Ni ne babba. Ina jan tasi daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 5 na asuba, in yi sallah, in ɗan runtsa, in kama jirgin ƙasa zuwa aji ƙarfe 9. Ina tuna wata safiya a ajin ilimin halittu, malama na zana ƙwayar halitta a allo, ni kuma bironi ya zame daga hannuna ya ja layi tun daga saman shafi har ƙasa. Da na farka aji ya watse, saura mai shara. Daga ranar ban ƙara komawa ba. Mako na 6 ke nan cikin 15.

Har yau ban ce na yi kuskure da na zaɓi mahaifiyata ba. Wa zai zauna yana haddace sunayen ƙasusuwa uwarsa na kwance ana jiran kuɗin asibiti? Da za a sake, haka zan sake yi. Kuma babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani. A gidanmu ni ne farkon wanda ya taka irin wannan makaranta. Amma in na yi wa kaina adalci, ofishin rajistara na nan a hawa na ɗaya, kullum ta gabansa nake wucewa. Fom ɗin shafi ɗaya ne. Abin da ya hana ni girman kai ne da kunya: ban so in tsaya gaban wata Baturiya in ce na gaza ba.

Wanda ya janye a rubuce kafin ranar da aka yanke, harafin W ake sa masa, kuma W ba ya taɓa GPA. Ni da na ɓace ba sallama, F huɗu aka jera mini. Lissafin ba wuya: A maki 4, B maki 3, C maki 2, D maki 1, F babu komai. Maki 36 ɗin da na tara, wato maki 3 na B sau kiredit 12, aka raba su da kiredit 24 maimakon 12, sai 3.0 ta koma 1.5. Ƙasa da 2.0 ba a yaye ɗalibi, sai dai a sa shi a matakin gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Ni a zatona kamar kariya-oba ce ta gida, ka sake zama jarrabawa a wuce wurin.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan na kuɗi. Da tallafin Pell na gwamnatin tarayya nake karatu, wanda mai girin kad, wato takardar zama ta dindindin, ke nema ta hanyar cike fom ɗin neman tallafi da ake kira FAFSA. Tallafin na da sharaɗi da suke kira SAP: GPA ɗinka ya kai 2.0, ka ci kusan kashi 67 cikin 100 na duk kiredit ɗin da ka ɗauka, kuma ka gama kafin ka haura ninki ɗaya da rabi na tsawon shirin, wato kiredit 90 a shirin mai 60. Na faɗi biyu a ciki. Sannan akwai dokar da ta ce in ka bar makaranta kafin kashi 60 cikin 100 na zango ya wuce, sai an mayar wa gwamnati wani kaso na kuɗin. Kwaleji ta mayar, ta juyo kaina da takardar bashi, ta kulle mini rajista har sai na biya. A zango mai mako 15, wajen mako na 9 ake tsallake wannan iyakar. Mako uku kacal ya rage mini. Wannan mako ukun har yanzu yana ci mini rai.

Shekara uku na yi a waje. Da na dawo sai na tarar an canja katalog, kuma wanda ya daɗe bai yi rajista ba da sabon ake yi masa hukunci. Aka ƙaro mini kwas biyu. Na sake darussan da na faɗi, sabon maki ya ɗaga GPA, amma F ɗin na nan a takardar sakamako, kuma zangon da na zubar an ƙirga shi cikin zango 12 da doka ta ƙayyade wa Pell tun 2012. Kuskure na ƙarshe sai da na zo komawa jami'a ya bayyana. Shirin AAS na yi, wanda aka tsara don mai son fita aiki kai tsaye, alhali AA da AS ne aka shirya wa mai son ci gaba zuwa digirin shekara huɗu. Kiredit da dama jami'ar ta ƙi lissafa su a fannin da na nema. Karatun shekara biyu ya ci mini bakwai.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, amma da na duba, ba su kai ba.

In za ka bar kwas, ka bar shi a rubuce. Ka duba kalandar kwalejinku yau, ka nemo ranar ƙarshe ta janyewa, kuma kafin ka sa hannu ka biya ta ofishin tallafin karatu ka tambaye su nawa za a biyo ka. Amma gaskiyata, kada ma ka janye gaba ɗaya. W ba ya taɓa GPA, sai dai yana shiga lissafin kashi 67 ɗin nan, in suka taru su ma suna yanke tallafi. Ka sauke kwas biyu ka riƙe biyu, ka je wurin malami ka faɗa masa halin da kake ciki. Wasu na ba da damar ƙarasa aiki bayan zango, sai dai in wa'adin ya wuce ba ka kawo ba, F zai koma.

Ka zauna da adbaiza, wato mai ba ɗalibai shawara kan zaɓen kwas, kowane zango. Kuma kada ka dogara da shi, ɗalibai ne jibge a kansa. Nawa bai taɓa tambayata ko ina da niyyar zuwa jami'a ba. Ka buɗe katalog da kanka. Ku da komai ke cikin waya, shafin da ke nuna muku kwas ɗin da kuka ci da wanda ya rage yana nan, dannawa biyu ne. Yaro zai kwana yana kallon bidiyon rawa, amma imel ɗin makaranta wata uku bai leƙa ba. Mu layi muka bi da takarda a hannu, ku kuma an kawo muku har gado kun ƙi dubawa. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai.

Kiredit 12 ake kira cikakken ɗalibi, amma mai son gama 60 a zango huɗu sai ya ɗauki 15. Ka ɗauki 15 ɗin. In kuwa kana aikin dare, ko 9 kada ka wuce, ko da za a rage maka tallafi.

Yaron nan ya ce mini, "To Kawu, zan duba." Na san irin wannan "zan duba". Da daddare na kira mahaifinsa, muka buɗe kalandar kwalejinsu tare, muka ga ranar Alhamis ake rufe janyewa. Na ce masa Litinin ƙarfe 8 zan zo ƙofar gidansu da mota, ni zan kai shi ofishin da kaina.