Tumakin Llanfairpwll

Jiya ruwa ya tsare ni a Kasuwar Barci, na fake a rumfar wani mai gwanjo. Feshi ya taɓa wata rigar sanyi ta ulu da ke rataye, warinta ya bugi hancina. Wallahi nan take na koma ɗan shekara bakwai.

Kaɗan ne cikin abokaina na Kaduna suka san cewa a wani ƙauye mai suna Llanfairpwll na yi firamare a yankin Wales na Birtaniya, can tsibirin Anglesey. Baba yana karatun gandun daji a Jami'ar Bangor, kullum ya hau bas ya haye mashigin Menai. Ran Asabar yakan kai mu tsohuwar gadar da aka buɗe a 1826, ni da Yaya mu leƙa ruwan ƙasa har jiri ya ɗebe mu. Cikakken sunan ƙauyen harafi 58 ne, yana nan shimfiɗe a allon tashar jirgin ƙasa. Umma ba ta taɓa wahalar da harshenta ba, "garinmu" kawai take cewa.

Abin da ya fi ɗaure mata kai tumaki ne. Ga su nan fululu a kan tudu, kowacce da ɗigon fenti a gadon baya, ja ko shuɗi, shaidar mai ita. Ba makiyayi, ba sanda, sai katangar duwatsu da kare ɗaya. Takan tsaya a taga ta ce, "Malam, wai waɗannan ba su da mai su ne?" Baba ya yi dariya ya ce ai fentin ne makiyayin.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu kuwa Nain muke ce mata, wato kaka a bakin mutanen arewacin Wales. Ta kawo mana bara brith, burodi mai busasshen inabi da ake jiƙawa a shayi, Umma ta mayar da kwanon da tuwon shinkafa. Da cokali ta ci, har da wuƙa, miyar kuma ta sa ta hawaye, amma ba ta bar loma ba.

Yarensu da nake yi kamar ruwa duk ya zube, saura "bore da" na gaisuwar safe da ƙirga ɗaya zuwa biyar: un, dau, tri, pedwar, pump.

Rigar dai na saya, ko tayi ban yi ba. Uwargida ta juya ta ta ce, "Da wane sanyin? Hunturu ma da sauransa." Na rataye ta a bayan ƙofa ban wanke ba.