Wasiƙa daga Madison, garin da ake tafiya a kan tafki

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya kuke, ya zafin bazara?

Ina rubuto muku ne daga Madison, babban birnin jihar Wisconsin a Amurka, inda na zo duba ƙanena da ke karatu. Garin yana kan wani siririn tudu tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona, Jami'ar Wisconsin da yake karatu a cikinta kuwa, wadda aka kafa a 1848, ta miƙe a bakin Mendota. An daɗe ana koyar da Hausa a cikinta, marigayi Neil Skinner, masanin harshen Hausa, shi ma a nan ya koyar.

A ƙarshen Fabrairu na sauka. Washegari yaron ya ce, "Yaya, sa takalminka mu je mu taka tafki." Ashe ruwan ya daskare tun daga wannan gaɓa har waccan, fari fat, iya ganinka. Na yi bismillah na ɗora ƙafa. Muna cikin tafiya sai na ji wani gurnani daga ƙasa, kamar ana kaɗa tambari daga nesa. Ya ce ƙanƙarar ce ke motsi. Wallahi tsigar jikina ta tashi, ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Can tsakiya muka tarar da masunta. Kowa ya huda rami da bai wuce faɗin faranti ba, ya kifa bokiti ya zauna, ya zura ƙugiya yana jira. Wani dattijo ya nuna mini kifayensa uku a kan ƙanƙara, sun sandare kamar itace. Shi ya fara gaya mini cewa tun shekarun 1850 ake rubuta ranar da tafkin ya daskare da ranar da ya narke, kuma kwanakin ƙanƙarar sun ragu da kusan wata guda. Yadda ya faɗa ya tuna mini da manomanmu idan suna zancen damina ta canza. Maganar ta tsaya mini a rai.

Da Maris ya shigo sai gari ya ɓaci: dusar ƙanƙara ta yi baƙi a gefen titi, ga laka, ga gishirin da ake watsawa don hana santsi yana cin takalmi. Azumi ya same mu a haka. Ranar Lahadi ta biyu ga wata aka tura agogo gaba da awa ɗaya, shan ruwa ya tashi daga wajen ƙarfe shida ya koma bakwai.

Jiya na koma bakin Mendota. Inda na tsaya da dattijon nan ruwa ne yanzu, shuɗi, agwagi na iyo a kai. Ɗalibai sun tuɓe manyan riguna suna shan hantsi, ni kuwa har yanzu da safar hannu nake.

A gaida mutan gida, a sa mu a addu'a.

Ɗan'uwanku,
daga Madison